Tumatir ya cika shagunan dashe tun Afrilu: in saya in dasa ko in dakata?

Amarya a Manchesta:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema. Gidan da muka kama haya yana da ɗan fili a baya, rabi ciyawa rabi daɓe. Ranar Asabar mun je babban shagon dashe na bayan gari, na tarar an jera tumatir da tattasai da kokwamba cikin ƙananan tukwane, kore shar, wasu har sun fara fure. Mutane sai lodi suke a kwando. Ga rana ta fito sosai a makon nan, har na shanya kaya a waje sun bushe. Yanzu da muke farkon Afrilu, in saya in dasa? Sannan alayyahu da yakuwa da kuɓewa suna yi a nan Birtaniya kuwa? Ganyen miyar gida nake kewa ƙwarai.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Wa alaikumus salam 'yata. Barka da zuwa, Allah ya sanya alheri a zaman. Tumatir dai ki dakata masa. Kada ranar nan ta ruɗe ki. A ƙasar nan ba da rana ake auna lokacin shuka ba, da dare ake aunawa. Ranar da sama ta washe tas babu gajimare, ita ce daren da sanyi yake sauka ya fi tsanani. Ki leƙa da asuba za ki ga ciyawa ta yi fari fat, gilashin mota ya daskare. Wannan ƙanƙarar dare ɗaya tak ta ishi tumatir. Da safe ganyen zai yi laushi ya yi baƙi, kuma ba ya tashi.

Mu nan Landan sai tsakiyar Mayu muke sakin jiki. Ku da kuke Manchesta ki bari sai ƙarshen Mayu. Tumatir ba ya jin daɗi in sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, ko bai mutu ba zai tsaya cak, ganyensa ya koma shuɗi-shuɗi. Wanda aka dasa a kan lokaci sai ya zo ya wuce shi.

Baban Gida a Bradford:
To Hajiya, in lokaci bai yi ba me ya sa suke sayarwa? Ni abin da ke ba ni haushi da shagunan nan ke nan. A sayar maka a Afrilu, sanyi ya kashe, ka dawo a Mayu ka sake saya.

Kawun Yara, Bristol:
Alhaji, a yi musu adalci. Da yawa daga masu sayen nan suna da ɗakin gilashi a bayan gida, a ciki za su ajiye. Wasu kuma a bakin taga suke renonsa har lokaci ya yi. Kuma in ka juya ɗan katin da ke soke a tukunyar, an rubuta kada a fitar waje sai haɗarin ƙanƙara ya wuce. Mutanenmu ne ba mu cika karantawa ba. Akwai wata alama mai sauƙi, Amarya: ki lura da inda aka ajiye shukar a shagon. Wadda ke waje a fili, ruwa da iska suna dukanta, tana jure sanyi. Wadda ke ciki ƙarƙashin rufi, wurin da ɗumi, ita ma a gidanki ɗumi take so.

Baban Gida a Bradford:
Na ji. Amma ba na jin mai shago zai tare ka a bakin ƙofa ya ce kada ka saya.

Kawun Yara, Bristol:
Ka tambaye su ka gani. Ma'aikatan da ke ban ruwa a waje, ba masu karɓar kuɗi ba. Yawancinsu sun san aikin, kuma gaskiya suke faɗa.

Amarya a Manchesta:
Allah ya saka da alheri. To Hajiya, ke nan babu abin da zan yi sai ƙarshen Mayu? Hannuna ƙaiƙayi yake wallahi.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Ina! Yanzu ne ma aiki ya yi yawa. Dankalin Turawa lokacinsa ke nan. A shagon za ki ga irinsa cikin raga. Ki ɗauki mai saurin nuna, ki jera a kwalin ƙwai a wuri mai haske, idanun suna kallon sama, har su fito da gajeren tsiro mai kauri. Ki samu babban bokiti ko buhu, ki huda ƙasansa, ki zuba ƙasa kamar tsawon tafin hannu, ki ɗora ƙwaya biyu ko uku ki rufe. Duk sanda ganye ya taso ki ƙara ƙasa a gindi, har bokitin ya cika. Dalili biyu: ƙasar tana kare tsiron daga sanyi, sannan dankalin da haske ya taɓa yana yin kore, kuma koren ba a ci. Mako 10 zuwa 12 sai ki kife bokitin a kan leda ki tsince.

Albasa ma yanzu ce, ƙananan ƙwayoyin nan da ake sayarwa a jaka. Ki soka su a ƙasa, kan ya ɗan leƙo. Tsuntsaye za su riƙa zaro su, ki mayar kawai. Latas, karas, wake mai faɗin nan da Turawa suke ci, duk suna jure sanyin Afrilu. In kina son sanin ko ƙasa ta yi ɗumin karɓar iri, ki duba ko ƙananan ciyayi sun fara tsirowa da kansu. In sun fito, iri ma zai fito.

Tumatir kuma, maimakon ki sayi dashe, ki sayi fakitin iri ki yafa a ɗan mazubi a bakin taga yanzu. Bai makara ba, kuma kuɗin dashe ɗaya ko biyu zai ba ki iri mai yawa.

Na'a-na'a kada ki kuskura ki sa ta a ƙasa. A tukunya kawai. Saiwarta bin ƙarƙashi take, sai ta cinye filin, mai gida ya zo yana faɗa.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Hajiya ba ki taɓo ganyen gida ba, ni ma shi nake jira.

Ɗalibin Noma, Glasgo:
Bari in sa baki a nan, da izinin Hajiya. Ba duka suke ɗaya ba.

Alayyahu yana yi, kuma yana yi sosai. Duk wanda ya zaga filayen lambu na kansil, wato ƙaramar hukuma, a Landan ko Birmingham zai ga 'yan Jamaika da 'yan Bangaladesh suna nomansa, wasu kore wasu ja. Sharaɗinsa ɗumi. A yafa a waje daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a gauraya irin da ɗan yashi don kada ya taru wuri ɗaya, kada a binne shi da zurfi. Cikin mako shida an fara yanka, in an bar gindin kuma ya sake tofowa.

Kuɓewa sai da ɗakin gilashi ko taga mai samun rana sosai. A jiƙa irin ya kwana, a shuka a ɗaki inda ɗumi ya kai digiri 21 ko sama. A waje kam, ko ta rayu ba za ta ba da abin kirki ba.

Yakuwa labarinta daban. Ganye za ki samu, amma zoborodo kada ki sa rai. Ita shukar ba ta fure sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12. A Kano da Jigawa yini ba ya nisa da hakan duk shekara, shi ya sa da damina ta ja baya take fure, a tsinke a kaka. Nan kuwa a watan Yuni yini yana haura awa 16, mu a Glasgo har 17 da wani abu. Kafin ya sauko 12 an shiga ƙarshen Satumba, sanyi ya riga ya iso. Ganye kawai za ta yi ta zubawa. Ga mai son miyar yakuwa ko fate, wannan ai ba asara ba ce.

Attarugu yana son dogon lokaci. Masu yinsa tun Janairu ko Fabrairu suke shukawa a kusa da hita. A Afrilu an makara da iri, nan ne sayen dashe yake da amfani.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Madalla da ɗana. Na daɗe ina ganin yakuwata tana tsawo har ƙirji babu fure, ashe tsawon yini ne. Lalo ma yana yi a ɗakin gilashi, maƙwabciyata Bayarabiya ba ta fashinsa.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Zogale fa, Malam?

Ɗalibin Noma, Glasgo:
Yana tsirowa da sauri, Anti, a doguwar tukunya saboda saiwarsa ƙasa take nufa. Daga Yuni zuwa Agusta za ki tsinki ganye. Matsalar hunturu ce. Ƙanƙara tana kashe shi, a cikin ɗaki kuma haske ba ya isarsa, sai ya zubar da ganye. Masu ban ruwa da yawa a lokacin su ne saiwar ke ruɓe musu. Ni shawarata a ɗauke shi abin shekara ɗaya, a sake shukawa baɗi.

Baban Gida a Bradford:
Ku yi haƙuri, ni fa har yanzu lissafin bai fito min ba. Buhun ƙasa kuɗi, tukwane kuɗi, taki kuɗi, iri kuɗi. Ƙarshe a samu kuɓewar da ba ta kai miya biyu ba. Ga shagunan 'yan Pakistan a nan cike da kuɓewa da attarugu. Ba gara mutum ya saya ya huta ba?

Kawun Yara, Bristol:
A kan kuɓewa ina bayanka, Alhaji. Wahalarta ta fi amfaninta. Amma ka je shagon ka nemo min ɗanyen ganyen yakuwa. Ko alayyahun da aka yanka yau da safe. Ka shuka abin da kuɗinka ba zai saya maka ba, ka sayi abin da ke da araha. Albasa ma ni ba na nomanta saboda wannan.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Ni kuma ba lissafin kuɗi ne ya kai ni ba. Na ga mata da yawa a ƙasar nan da hunturu ke kulle su a ɗaki wata huɗu, ba fita ba ganin rana, ƙunci ya yi musu yawa. Ranar da ka ga iri ya fasa ƙasa a bakin tagarka, wani abu yana sauka daga ƙirjinka. Jikokina a nan aka haife su. Babbar ta ɗauka dankali a leda yake fitowa. Da muka kife bokiti ta sa hannu cikin ƙasa ta zaro na farko, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Wannan nawa ne kuɗinsa, Alhaji?

Kuma ana rage kashe kuɗi. Bokitin da ake zuba furanni a manyan kantuna, robar yogot, kwalin ƙwai, duk suna aiki. Wasu shagunan dashen ma suna da wurin da ake ajiye tsofaffin tukwane, a ɗauka kyauta.

Baban Gida a Bradford:
Allah ya raya su, Hajiya. A nan kam ba ni da ta cewa. Amma kuɓewa ina nan kan bakana.

Amarya a Manchesta:
Maganar ƙasa, na ga buhuna iri-iri har na rikice. Wanne zan ɗauka?

Ɗalibin Noma, Glasgo:
Ki ɗauki na gama-gari, wanda ke yi wa kowace shuka. Yanzu yawanci za ki ga an rubuta peat-free a jiki. Da can ana haɗa ƙasar buhu da wata baƙar ƙasa da ake haƙowa daga dausayi, wadda ke taruwa kusan milimita ɗaya a shekara, kuma haƙo ta yana sakin iskar da ke ɗumama duniya. A 2022 gwamnati ta sanar da niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila, kamfanoni suka koma haɗawa da ɓawon itace da zaren kwakwa. Abin da ya shafe ki shi ne ban ruwa. Sabuwar ƙasar samanta yana bushewa alhali ciki a jiƙe yake. Ki soka yatsa, ko ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta, kafin ki zuba ruwa. Kuma abincin da ke cikinta yana ƙarewa bayan 'yan makonni, sai an fara ƙara taki.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Takin nan ne nake son tambaya. Na ɗauki wani kwali na karanta, ashe garin jini da ƙashi da kifi ne. Ba a rubuta na wace dabba ba. Na mayar na ajiye, raina bai kwanta ba.

Kawun Yara, Bristol:
Hukuncinsa sai malamai, ni ba zan shiga ba. Amma ba dole sai shi ba. Akwai kashin kaji da aka busar aka dunƙula ƙanana, yana zuwa a bokiti. Akwai na ruwa da ake yi da ciyawar teku. In tumatir ya fara fure kuma akwai takinsa na musamman a kwalba, ana sirkawa da ruwa mako-mako.

Wanda zai karɓo takin doki daga masu dawaki ya yi hattara. Na farko sai ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona shuka. Na biyu, wani lokaci an fesa wa ciyawar da dokin ya ci maganin kashe ciyayi, maganin ya bi ta cikin dokin ya fito a takin da ƙarfinsa. Tumatir da wake da dankali sai ganyensu ya nannaɗe. A gwada tukuna: a zuba kaɗan a tukunya a shuka wake, in ya fito lafiya to.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
'Yata, abu biyu kada in manta.

In lokacin fitar da tumatir ya zo, ba a ɗauko shi daga ɗaki a dasa rana ɗaya. Yaye ake masa kamar na yaro, a hankali. Ki fitar da safe ki ajiye inda iska ba ta bugu, ki shigar da yamma. Kullum ki ƙara masa lokaci. Bayan mako biyu sai ya fara kwana a waje, sannan ki dasa. Ki kuma sayi farin mayafin nan mara nauyi da ake rufa wa shuka, ki riƙa duba hasashen yanayi a wayarki kafin ki kwanta.

Na biyu, dodon koɗi, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo a baya. Su ne babban abokin gaba a ƙasar nan, ballantana Manchesta mai ruwan sama. Dare ɗaya sai su share layin latas, ki tashi ki ga sanda kawai da sawu mai ƙyalli. Tsohon maganinsu an hana shi tun Afrilun 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da bushiya da karnuka. Wanda ake sayarwa yanzu na sinadarin ƙarfe ne, a barbaɗa kaɗan-kaɗan. Turawa suna binne kofi da giya su faɗa ciki. Mu sai mu dama yis da sukari a ruwa, shi ma yana janyo su. Amma abin da ya fi min aiki, bayan isha'i in ɗauki tocila da bokiti in bi in tsince.

Amarya a Manchesta:
Da hannu, Hajiya?!

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Da safar hannu mana. Za ki saba.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Ga masu yara, hutun Ista shagunan dashe da yawa suna shirya musu zama. A ba kowane yaro tukunya da ƙasa, ya yi mata fenti, ya shuka irin furen nan mai bin rana ya tafi da shi gida. Wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi, kuma sai an yi rajista da wuri don gurbi yana cika. Nawa sun je bara, kullum da safe sai sun auna tsawonsa da rula kafin makaranta. Ku lura dai, ranar Lahadin Ista manyan shaguna a Ingila da Wales a rufe suke bisa doka, har da na dashe. Sauran Lahadi ma awa shida kawai suke buɗewa.

Ɗalibin Noma, Glasgo:
Tunda an ambaci yara: rawayan furen nan da ya cika ko'ina a Maris da Afrilu, dafodil, gindinsa sak albasa, kuma guba ne. A 2012 an kai mutane asibiti a Bristol bayan sun dafa shi bisa zaton ganyen miya ne, har daga baya hukumar lafiya ta roƙi kantuna su daina jera shi kusa da kayan miya. Kada a ajiye shi a kicin, kada a shuka shi kusa da albasa.

Kawun Yara, Bristol:
Ƙwarai, a garinmu aka yi.

Amarya a Manchesta:
Subhanallah, akwai shi a filin namu ma, gefen katanga. Na gode da wannan. Irin yakuwa da alayyahu fa, in sa Mama ta ba wani mai zuwa ya taho min da shi?

Kawun Yara, Bristol:
A'a ƙanwata, kada ki jefa ɗan saƙo cikin matsala. Shigo da iri ko shuka Birtaniya yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da aka ɗauko, in babu ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Dokar don kare amfanin gona daga cututtuka aka yi ta. Ana samun irin alayyahu da yakuwa da kuɓewa wurin masu sayar da iri na nan ta intanet. Na alayyahu ma wanda aka saba nomawa a nan ya fi dacewa da yanayin.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Nawa irin alayyahun daga wata dattijuwa 'yar Jamaika na samo shi, filinta yana jikin nawa. Duk shekara ina barin gindi biyu su yi kai, in kakkaɓe a takarda. Ki turo min saƙo ta gefe, zan sa miki a ambulan. Kuma ki shiga shafin kansil ɗinku yau ki sa sunanki a layin masu neman filin lambu. Cikakken fili yana kai murabba'in mita 250, amma suna ba da rabi. Layin yana da tsawo, wasu unguwannin shekaru ake jira, gara sunan yana ciki.

Baban Gida a Bradford:
Hajiya, in irin ya ragu a sa da ni. Uwargida ta karanta zancen nan ta ce sai an gwada alayyahun.

Hajiya Mai Lambu, Landan:
Akwai isasshe, Alhaji. A gaishe min da ita.

Amarya a Manchesta:
To ga abin da zan sayo: irin dankali, latas, fakitin tumatir, dashen attarugu guda biyu in ajiye a taga, buhun ƙasa da mayafi. Maigida kuma ya ce zai datse shingen itatuwan da ke bayan, ya yi tsawo yana tare rana.

Kawun Yara, Bristol:
Ku fara tambayar mai gidan hayar, da shingen da kuma haƙa ciyawar, a rubuce. Sannan ya leƙa cikin shingen da kyau kafin ya sa almakashi. Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye suna sheƙa, kuma dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan. In ya ga tsuntsu yana shiga da fita da ciyawa a baki, ya bar wajen sai Satumba. Ku jawo bokitan zuwa kan daɓen, in can ne rana ta fi daɗewa.

Ɗalibin Noma, Glasgo:
Attarugun kuma ki riƙa juya tukunyar kullum, don yana karkata wajen haske. Da dare ki sauke shi daga bakin tagar kafin ki ja labule, tsakanin gilashi da labule sanyi yake taruwa.